Yadda Takardar Maradun Ta Shiga Kwamfuta

Maigidana falken shanu ne. Yakan saya a Maradun da Damri ya kawo kasuwar Talata, mahauta su karɓa a hannunsa. Zai buɗe bakin bijimi ya faɗa maka shekarunsa ba kuskure, amma ka tambaye shi wane magani ya sha jiya, sai ya ce wani fari ne, ɗan ƙarami. Saboda haka tun da aka kawo ni gidan ni ke riƙe da takardunsa na asibiti. A tsohuwar jakata ta sakandare nake tara su, can ƙasan akwati.

Cikinsu akwai ɗaya da ta fi sauran tsufa. Ina goyon ɗana na biyu wani bijimi ya soke shi a cinya a kasuwar Maradun. A lokacin Inna, mahaifiyarsa, tana can da zama, ita ta bi shi wani ƙaramin asibitin kuɗi. Aka ɗinke wurin, aka yi masa allura. Ba a jima ba fuskarsa ta kumbura, numfashi ya soma gagararsa. Allah Ya sa da sauran kwana. Likitan ya rubuta sunan allurar, ya ja layi biyu a ƙarƙashi da jan biro, ya ce wa Inna ko da wasa kada a ƙara yi masa ita. Da ta dawo da shi Mafara ta kwance takardar daga bakin zanenta ta damƙa mini. Turancina ya karanta komai ban da kalmar da ke kan jan layin. Rubutun likita ne, kamar an ja zare a ƙasa. Asibitin kuwa tuni ya rufe, likitan ma ba wanda ya san inda ya koma.

Akwai wani abu a takardar da ban ɗauke shi komai ba sai daga baya. Maigidana ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Da mai rubuta kati ya tambaye ta, lakabinsa ta faɗa, wanda ake kiransa da shi a kara, kasuwar shanu. Ban isa in ga laifinta ba. Ni ma shekara ashirin da aurenmu sunan nan bai taɓa fita bakina ba. Alhaji nake cewa, ko baban yara.

Bara ciwon ciki ya sa shi gaba. Aka yi hoto, aka ce tsakuwa ce a matsarmama, sai an yi aiki. Suka ba mu hoton a faifai suka tura mu wani asibitin kuɗi a wani birni nesa da mu. Sau ɗaya na je, ranar buɗe kati, ni da shi da ƙaninsa da muke kira Alhaji Ƙarami. A can aka bayyana mana cewa likitocin aikin ba a garin suke ba, sau ɗaya suke zuwa a mako biyu, kuma kafin su zo sun riga sun duba komai a kwamfuta sun tsara abin da za su yi.

Mai karɓar kayan wani mutum ne mai tabarau, yana zaune bayan gilashi. Ya amshi faifan ya zura a kwamfuta. Na tura masa takarduna ta ƙasan gilashin, ta Maradun a sama. Da yatsa ɗaya ya turo mini su.

"Hajiya, nan ba ma karɓar takarda. Abin da injin ya karɓa shi likita ke gani."

Na ce wannan ɗaya ce kawai, kuma rai ke cikinta.

Ya ɗaga ta ya duba. "Wannan ma ai ba sunansa ba ne. Irin waɗannan sai dai a kai wa mai tsire ya yi naɗi."

Bai san gidan da na fito ba. Na ce masa masu tsire na sani, da yawansu a hannun mijina suke sayen shanu, kuma ko su sukan karanta takarda kafin su naɗa. Alhaji Ƙarami ya ja bakin hijabina. Na tattara takarduna na mayar jaka.

A mota ya fara. Dama wasa ke tsakanina da shi, ba ya raga mini, ba na raga masa.

"Matar Yaya, mi za ki yi da takardar da tag girmi rabin 'ya'yanki? Ki bar ma Allah."

"Ga Allah nib bari. Shi Ya ba ni ido, Shi Ya ba ni takarda."

Maigidan yana jingine da taga, ya ce in sun tambaye shi sai ya gaya musu.

"Mi za ka ce musu, Alhaji?"

"In ce wata allura ce, can Maradun."

"Wace iri?"

"Mai zafi," ya ce.

Har direba sai da ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na san ba zan kasance a wurin ba ranar aikin. Mai jinya ɗaya suka yarda da shi, namiji, ga halin da hanya take ciki, ga Inna da ta dawo wurinmu ƙafa ta ƙi, ga yara. Na ba Alhaji Ƙarami kwafin takardar ya riƙe. Da aka kwantar da maigidan mako na gaba ya nuna wa wata nas, ta ce ba za ta liƙa takardar wani a katin wani ba.

Ina da ƙawa tun sakandare, benci ɗaya muka zauna, yanzu a ɗakin hoto take aiki a wani asibiti a wata jiha. Na kira ta da hantsi, muka gaisa har kan kaji, sannan na tura mata hoton takardar. Ta ce kalmar tana iya zama magani biyu ko uku, ita mai hoto ce, ba za ta yi mini canke da rai ba, dole likita ya gani da idonsa.

Na ce to injin ya ƙi takarda.

"Ba takarda ya ƙi ba, 'yar Malam. Kala ɗaya yake ci, sunansa DICOM. Ki ɗauka ambulan ce ta wasiƙa. A ciki hoto, a bayanta sunan mara lafiya da lambar katinsa da ranar haihuwa. Takarda ma tana shiga ambulan ɗin, in an san yadda ake sa ta."

Na ce ta sa mini. Ta ce kwamfutar wurin aikinsu ba a shigar mata da na waje, kuma ba ta da tata.

"To koya mini."

Ta yi dariya. Ta ce wannan ba irin na dannawa ba ne, babu hoto, babu kibiya, baƙin allo ne kawai, mutum ya rubuta umarni harafi da harafi, in ya ɓata ɗaya ya ƙi.

"Ni da niy yi sauka ga Baba?" na ce. "Wane harafi za ki tsorata ni da shi?"

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, malami ne a Bakura. Yayana shi ya gaji makarantar, yana kuma koyarwa a Islamiyya, yana da kwamfutar cinya da yake buga tambayoyin jarrabawa. Ranar Lahadi na bar wa maƙwabciyata girki na shiga mota. Muka gaisa da Yaya gaisuwar da ba a gaggauta ta, gida, yara, jikin Alhaji, ƙafar Inna, ruwan bana. Da na faɗi abin da ya kawo ni ya ɗauko kwamfutar ya aza a kan tabarma.

"Ki yi. Kak ki taɓa min jarrabawa dai."

Na shimfiɗa takardun a kan sallaya a inuwar darbejiya na ɗauke su da waya ɗaya bayan ɗaya. Ta Maradun sai da na ɗauka sau biyar kafin jan layin ya fito sosai. A gabanta na ƙara shafi guda da na rubuta da hannuna, da Turancin da ya rage mini: cewa wannan mutumin da wancan duk mutum ɗaya ne, mahaifiyarsa ce ta ba da lakabi, ga lambar wayata. Wayar ta haɗa su suka zama fayil ɗaya, PDF. Sauko da manhajar da ƙawata ta faɗa daga intanet ya fi komai cin rai, don sai a bakin zaure sabis yake kamawa. Nan na tsaya riƙe da kwamfuta kamar mai tallan goro, masu wucewa suna gaishe ni ina amsawa.

Ƙawata ta turo mini matakan a rubuce, ta ce ita ta shiga aiki, in na maƙale in bar mata saƙo. Na buɗe baƙin allon. Babu komai a kai sai wani ɗan layi fari yana ƙiftawa. Na yi bisimilla na rubuta pdf2dcm, haka sunan umarnin yake. Bayansa sai +pn, nan ake sa sunan mara lafiya. Sai +pi, lambar kati. Sai +pb, ranar haihuwa, shekara a gaba, wata, sannan rana, a manne ba tazara. A ƙarshe sunan fayil ɗin da ke hannu da sunan sabon da ake so.

Sau huɗu yana dawo mini da dogon Turanci na ƙi. Wani wurin na manta tazara, wani wurin ban nuna masa inda fayil ɗin yake ba. Ban ji haushi ba. Na saba da a ce wanke, sake rubutawa. A na biyar na danna, bai ce komai ba, ɗan layin ya sauko ƙasa ya ci gaba da ƙiftawa. Na bar wa ƙawata saƙo cewa ya mutu. Ta amsa, "In ya yi shiru ya karɓa." Na tuna Baba. In ka biya daidai ba ya ɗaga kai, sai ka yi tuntuɓe za ka ji muryarsa.

Amma akwai abin da ban faɗa mata ba. Da na zo wurin suna hannuna ya tsaya. Yaya yana gefe yana duba takardun ɗalibai, ko kallona ba ya yi, duk da haka na ji kamar a gabansa zan buɗe baki in kira sunan mijina gatsal. Na daɗe yatsana na sama. Can sai dabara ta zo mini: ai takardar Maradun lakabi ke kanta, in na sa lakabin ma ya fi dacewa da ita. Har daɗi na ji da wannan wayon nawa. Na rubuta lakabin.

Ranar Litinin na tura wa Alhaji Ƙarami ta waya. Ya je wani shago aka sa masa a filashi, ya kai wa mai tabarau. Talata da safe ya kira ni.

"Matar Yaya, takardarki ta shiga."

Na ce alhamdu lillahi.

"Tsaya. Ta shiga, amma ba wurin Yaya ba. Injin ya ga lamba tasa, suna ba nasa ba, yaw ware ta gefe. Mutumen yac ce babu mai wanga suna asibitinsu, ya goge. Mi kika rubuta?"

Kafin in amsa ya riga ni.

"Lakabi kika sa, ko?" Ya yi dariya har da tari. "Kwamfutar ma kunyarta kike ji? Ke da Inna dai."

Alhamis da safe za a yi aikin. Laraba likitoci za su duba. Na ce ya kai wa mai tabarau wayar. Ya ce mutumin ba ya son ganinsa. Na ce ya kai.

"Hajiya, na riga na yi miki abin da ba aikina ba," in ji mai tabarau.

Na ce gaskiya ne, kuma na gode, kuskuren nawa ne ba nasa ba. Na ce zan gyara in turo, ya ƙara sawa sau ɗaya.

"In kowa zai riƙa kawo mana abin da ya haɗa a gida, ina za mu?"

"Ba kowa ba ne, ni ce. In ba za ka sa ba, babu faɗa. Ka rubuta mini a takarda cewa matar mara lafiya ta kawo shaidar allurar da ta kusa kashe shi, ka ƙi karɓa. Ka sa hannu, ka ba ƙaninsa."

Na ji numfashinsa a wayar. Ban taɓa yi wa namiji baƙo magana haka ba, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

"Kafin azahar gobe," ya ce. "In ya ƙara ƙi, kada in sake jin muryarki."

Ranar kasuwa ce, garin ya cika, motocin Bakura sai an yi kokawa. Na roƙi Alhaji Ƙarami ya ɗauko mini hoton katin asibitin, gaba da baya. Na samu wuri a bayan wata mota tsakanin buhunan albasa. Da na isa Yaya bai tambaye ni komai ba, ya miƙo kwamfutar. Na faɗa masa abin da na yi. Ban san abin da nake jira ya ce ba.

"Kunya ado ce ga mace," ya ce, "amma ba a wajabta ta inda rai yake ba. Ko in rubuta miki?"

Da na ce to, da ya rubuta, kuma ba wanda zai ce na yi laifi. Sai na ga ni na ɓata, kuma in hannuna ya kasa yau, gobe wani wurin zai sake kasawa, ranar da babu Yaya kusa. Na ce ya bari.

Na aza wayar a gefe, katin a buɗe. Ƙawata ta ce sunan mahaifi ake farawa da shi, sai wata 'yar alama mai kamar hular bukka, sai sunansa, duka a cikin alamar zance. Na bi katin harafi da harafi, ina duba kowanne sau biyu. Haruffa shida ne kacal sunan nasa. Na danna. Allon ya yi shiru.

Wannan karon ban tsaya nan ba. Ta koya mini wani umarnin, dcmdump, mai buɗe ambulan ɗin ya nuna abin da ke rubuce a bayanta. Layuka suka zubo da yawa. Na bi su da yatsa har na iske sunansa, fari a kan baƙi, da lambar a ƙasa. Na kara da katin, suka yi daidai. Na ɗauki hoton allon na tura wa ƙawata. Ta ce in aure ya gundure ni akwai kujera a ofishinsu.

Laraba da hantsi Alhaji Ƙarami ya kira ya ce ya shiga, mai tabarau ya dai miƙo masa filashin. Ko likita zai buɗe, wannan ba wanda ya sani. Na yi wanki, na yi shara inda ba datti, na ɗora girki tun lokaci bai yi ba.

Bayan la'asar muna tsakar gida ni da Inna, tana tsince shinkafa a faifai, wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Muryar mace ce, ba yarinya ba. Ta yi sallama ta ce ita ce likitar da za ta sa shi barci gobe, ta ga shafin da na rubuta.

"Amma takardar da ke baya sunan wani ne a kanta," ta ce. "Ba zan canza magani a kan takardar da ban tabbatar ba. Faɗa mini cikakken sunan mijinki, da yadda aka yi wannan suna ya hau takardar."

Inna tana zira'i biyu da ni. Wayata kuwa irin mai ƙarar nan ce, ta ji tambayar sarai. Hannunta ya tsaya a kan shinkafar.

Ban tashi na shiga ɗaki ba, don na san Inna ce shaidata, za a neme ta. Na faɗi sunan, nasa da na mahaifinsa. A karon farko muryata ta shige ciki, likitar ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Sannan na ba ta labarin bijimin da mai rubuta kati. Ta tambaya ko akwai wanda ya ga abin da idonsa. Na ce ga mahaifiyarsa, na miƙa wa Inna wayar.

Inna ta riƙe ta da hannu biyu. Sai da ta gaida likitar da aiki, da gida, da gajiya, sannan ta soma.

"Ni nik kai shi, ɗiyata. Da anka yi mai allurar, leɓe yah hau, ido yar rufe, yana jan numfashi awa rago ga wuƙa. Sunka yi ta gudu. Sunan da ag ga takarda ni nib ba su."

Na ji likitar ta kira sunansa ta ce, "Wannan ɗanki ne, Mama?"

Inna ta dubi ƙasa. "Shi ne," ta ce.

Da wayar ta dawo hannuna likitar ta ce ta karanta kalmar, irin rubutun malamansu ne na da. Ta ce allura ce da suke yi wa kusan kowa kafin a yanka, don kada ciwon ya ruɓe, kuma tana cikin jerin da aka rubuta masa na gobe. Yanzu za ta soke ta ta sa wata. Ta tambaye ni wa ya haɗa mini fayil ɗin. Na ce ni. Ta ce a wane asibiti nake aiki. Na ce a gida nake.

Bayan ta kashe, ni da Inna ba mu dubi juna ba. Na zauna na jawo faifan gabana na ci gaba da tsintar da ta bari. Ina jira ta yi mini faɗa, na kuma riga na yanke cewa zan ba ta haƙuri a kan ta ji, amma ba zan ce na yi kuskure ba. Ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce in tashi in duba miya, tana jin ƙauri.

Alhamis bayan azahar Alhaji Ƙarami ya kira ya ce an fito da shi, ya farka, har yana tambayar wa ya kai shanu ruwa. Na yi sujada nan inda nake, Inna tana ta hamdala. Ya ce sun ɗaura masa wani jan abu a wuyan hannu, da rubutu a kai.

"Karanta min," na ce.

"Matar Yaya, Turanci ne, kuma dogo."

"Harafi harafi. Ina da biro."

Ya yi ta ƙorafi yana karantowa, ina rubutawa da manyan baƙaƙe a bayan kalanda. Na maimaita masa, ya ce haka ne. Da yaran suka dawo daga Islamiyya na zaunar da su su huɗu a tabarma, na biya musu kalmar, sunan allurar nan, suna amsawa, har ƙaramar ta iya faɗinta ba tuntuɓe.